Kwanukan Mutane a Ɗaki Mai Taya

Kicin ɗina na farko a duniya taya biyu gare shi. Wasu matan da murhu a gindin bango suka fara, wasu da rumfar kara, ni kuwa nawa sai an sa masa dutse gaba da baya kafin a hura wuta, don kada ya gangara da ni.

Kafin nan shekara uku na yi a gidan iyayen mijina a Sabon Gari, cikin Gusau. Babban gida ne, girki ɗaya ake yi wa kowa, kuma Inna, mahaifiyar maigidana, ita ke riƙe da shi. Mu uku ne matan 'ya'yanta, muna karɓar girki kwana bibbiyu, amma aikin kawai muke karɓa. Inna ke auna gari, ita ke cewa yau kuka ko kuɓewa, ita ke ɗanɗana miya ta ce gishiri ya ji ko bai ji ba. Ba ta taɓa zagina ba, ban kuma taɓa kwana da yunwa ba. Sai dai a shekara ukun nan ban taɓa tashi da safe na ce ga abin da raina ke so yau, na dafa shi ba. Abin yana ci mini rai, ina kuma jin kunyar faɗa, don duk wanda na gaya wa zai ce ƙoshi ne ke damuna.

Maigidana makaniken injin haƙar rijiyar burtsatse ne. Mutum ne marar magana. In na kai masa kuka ba ya ce mini sannu, sai ya tashi ya ɗauko tef ɗin awo. Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba, ma'aikata sun kwararo daga Sakkwato sun cika Gusau, gidan haya ya zama abin nema da fitila. Shi kuma aiki na yawo da shi ƙauye-ƙauye, sai ya yi sati uku ban sa shi a ido ba. Ana nan sai wani injiniyan kamfaninsu ya koma ƙasarsu ya bar ɗan ɗakin da yake kwana a ciki, irin wanda ake ɗaurawa a bayan mota a ja. Babu wanda ya so shi, aka ba maigidana. Ranar da ya zo mini da labarin ban bari ya kai ƙarshe ba na ce zan bi shi.

Saura Inna. Ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya yi bayani, ni ina bayan labule ina saurare.

Ta ce, “Cikin mota za ka aje ɗiyam mutane?”

Ya ce, “Ba mota ba ta, Inna. Ɗaki na.”

“Ɗakin da ka tahiya?”

“Sai an ja shi.”

Na ɗauka magana ta mutu. Can ta ce, “Rani guda. Ina zuwa in gani da idona. In nig ga ba gida na ba, ta dawo ɗakinta, kuma ba a sake tada min maganag ga.”

Haka aka yi. Kayan jerena duka aka bar su a ɗakina na gidan, Inna ta sa kwaɗo ta ɗaure makullin a bakin zanenta. Abin da na fita da shi ƙaramar tukunyar tuwo ne, da ta miya, da kwano biyu, da muciya, da turmi da taɓarya.

A Tsafe muka fara zama, can bayan gari kusa da duwatsu, nesa da gidajen mutane. Ɗakin taku huɗu ne daga ƙofa zuwa gado. Kicin ɗin yana hannun hagu: kanta guda, da wurin wanke-wanke mai famfo wanda bai san ruwa ba, da murhun gas babu tukunyar gas ɗin, da 'yan akwatuna a sama inda mai ɗakin na farko yake ajiye abincin gwangwani. Komai daidai ƙugu aka yi shi. Da gani, wanda ya tsara wurin bai taɓa zama ya tuƙa komai ba. Girki a waje kuwa ba zancensa, domin leburori sun kewaye mu, babu katanga babu danga, maigidana ba zai yarda ba, ni ma ba zan iya ba.

Ya fara da murhu. Ya ɓalle na gas ɗin ya jefa ƙarƙashin mota, ya yanko gindin durom, ya yaɓe cikinsa da laka, ya zaunar da kurfoti a tsakiya. Ya huda rufi ya zura guntun fayif na rijiya don hayaƙi ya sami hanya. Kananzir na wuya a shekarun nan, gawayi kuwa ga shi a bakin titi, saboda haka ban yi musu ba.

Ranar farko na ɗora tuwon dawa. Talge ya yi, na zuba gari, na sa muciya. Duk macen da ta taɓa tuƙa tuwo ta san zama ake yi, a tokare tukunya, a sa ƙarfin kafaɗa. Ni ina tsaye, tukunya na bisa kanta, in na tura muciya ta yi gaba, in na jawo ta biyo ni. Ɗakin shi ma ya shiga ciki, yana rangaji hagu da dama, har wani lebura ya tsaya daga nesa yana tambaya ko lafiya. Muka ci tuwo mai gudaji. Maigidana yana gama wanke hannu ya auna gindin tukunyar.

Kwana biyu ya dawo da zoben ƙarfe da ya yi wa walda, mai noti a gefe. A zura tukunya, a ɗaure notin, ko shanu biyu aka sa ba za su motsa ta ba. Ya kuma kafa jak na ɗaga mota a kusurwa huɗu na ɗakin, rangaji ya tsaya. Gaskiya zoben nan ya yi aiki, ban taɓa tuƙa tuwo mai laushi irin na cikinsa ba. Illa dai daidai ƙugun ƙaramar tukunyata aka yi shi, ko yatsa ba ya shiga tsakaninsu, kuma lokacin ban ga aibin hakan ba.

Turmi ne ya fi ba mu aiki. Daɓen ɗakin falanki ne. Na sa daddawa da barkono, na ɗaga taɓarya, a bugu na uku gindin turmin ya nutse cikin falankin ya tsaya a karkace. Na zauna ina jiran faɗa. Da ya dawo ya duba ta sama, ya kwanta ya duba ta ƙasa, sannan ya ɗauko zarto ya ƙarasa abin da na fara. Ya yanke daɓen ya fitar da rami zagaye, ya yi masa murfi da hannun ɗagawa. In zan yi daka sai in buɗe, turmi na tsaye a ƙasa ta Allah, bakinsa na leƙowa cikin ɗaki. Sai kuma taɓarya ta riƙa dukan rufi. Na ga yana kallon rufin yana lissafi, na ce masa in ya sake huda wani wuri a saman nan zan koma Gusau da ƙafa. Ya rage wa taɓaryar tsawo.

Daga nan hannunsa ya buɗe. Ya yi wa muciya da maburgi da ludayi marataya, kowanne da ƙusarsa. Ya yanka tsohon tub na taya ya yi maɗauri ga jarkar ruwa da gwangwanin gishiri, don kada su faɗi a hanya. Kwanukanmu biyu ya yi musu gurbi a bango, nasa babba, nawa ƙarami. Duk dabararsa a kan abu ɗaya take tafiya: mu biyu ne, kuma ɗakin nan watarana zai hau titi.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin zaman Tsafe ƙwarai. Kwana uku a jere na yi dambu da rama, ba don ina sonsa har haka ba, sai don babu mai hana ni. Wata rana na cika wa miya barkono da gangan, muka ci muna hawaye, ban ba kowa haƙuri ba.

Bayan wata biyu aka mai da su wani ƙauye gaba da Bungudu. Wannan karon rijiyar ta mutanen gari ce, saboda haka a bayan gidajensu aka kafa inji, mu ma nan aka ajiye mu, ina jin dakan matan gari suna jin nawa. Ranar da muka sauka, bayan la'asar, aka yi sallama a ƙofa. Wata tsohuwa ce doguwa, siririya, ɗauke da baƙin akushi an rufe da faifai. Ta tsaya ta ƙare wa ɗakin kallo tun daga taya har fayif ɗin hayaƙi.

Ta ce, “Ke ta baƙuwa? Anka ce muna an kawo mace cikin akwati.”

Na ce ni ce, Gwaggo, na durƙusa na karɓa. Tuwon gero ne da miyar kuka, man shanu na kwance a kai. Kafin magariba wasu tsofaffin biyu sun zo, ɗaya da fura, ɗaya da hoce, aiken matan gidajensu.

Kowa ya san ba a mai da kwanon mutane haka nan. An kawo miki da abu, da abu za ki mayar, kuma daga tukunyarki. Ba a gaggawa, amma ba a mantawa. Washegari na yi tuwo a 'yar tukunyata, na kwashe malmala huɗu, iyakarta ke nan. Biyu namu, biyu na zuba a kwano ɗaya na mayar. Ranar nan kwano uku suka ƙara shigowa. Wanda na mayar kuma bai kwana biyu ba ya dawo da ɗanwake, domin matar ta ji daɗin miyata.

Na gwada girki sau biyu a wuni. Gawayi ya riƙa ƙarewa, ɗakin ya zama tanda, ni kuma kullum kwanukan da ake bina ƙaruwa suke yi. Matan garin ba su yi haka don su wahalar da ni ba. Sun ga mace ita kaɗai cikin maza, babu dangi babu maƙwabta, mijinta kuma ruwa yake nema musu. Kowace tana so a ce ta kula. Na riƙa wanke kwanukan ina jera su ƙarƙashin gado, kowanne na san gidansu, ina bin su layi. Akushin tsohuwar nan na ƙi mayarwa da tuwon yau da kullum, na ce sai ranar da na sami kaza.

Na ce wa maigidana, “Tukunyag ga ta yi min ƙanƙanta. Ka buɗa zoben.”

Ya ce, “Ba mu biyu na ba?”

Na dube shi. A gidan Inna ya tashi, gidan da kwano ke shiga yana fita tun safe har dare. Ban taɓa kawowa a raina cewa sai an yi masa bayani ba, haushi ya sa na yi shiru. Ashe shi abin da ke cikin kwano kawai yake gani. Sati biyar yana cin furar wannan gida da hocen wancan, kullum a sabon mazubi, bai taɓa tambayar daga ina ba.

Ana haka matar wansa ta haihu a Gusau, na tafi suna da niyyar kwana uku. Na bar kwano goma sha huɗu ƙarƙashin gado, har da akushin. A bayana suka sami ruwa da wuri, aka ce su tattara su koma wajen Tsafe. Babu waya a lokacin, ban san komai ba. Washegarin suna da hantsi, muna tsakar gida muna wanke-wanke, sai aka ce ga maigidana a ƙofar gida ya jawo ɗakinsa, ya biyo ya ɗauke ni mu wuce.

Inna ta ajiye carbi ta ɗauki mayafi. Ta ce tunda gidan ya zo da ƙafarsa, ya rage mata tafiya.

Na dake, na bi bayanta. Na san na bar wurin a share, ga zobe, ga ramin turmi, ga marataya, ina da abin nunawa. Maigidana ma wani haske nake gani a fuskarsa wanda ban saba gani ba. Ya riga mu zuwa ya buɗe ƙofa, ya sa wa Inna dutse ta taka, ya koma gefe ya harɗe hannu a baya.

Bangon da ke fuskantar ƙofa, wanda na bari babu komai, ya cika da kwanuka. Ya kafa katako layi uku, ya jera ƙugiyoyi, ya rataye su daga babba zuwa ƙarami. Kowane kwano ya huda masa rami a baki, tsaf, babu ko tsaga. Masu murfi ya huda murafen su ma, ya ɗaure kowanne da uwarsa da waya. Ya bi kowane layi da robar tub ya tamke. Akushin na tsakiya a layin sama, shi ya ba wuri mafi kyau. Tun daga Bungudu har Sabon Gari, in ji shi, ko ɗaya bai yi ƙara ba.

Ya ce, “Na ishe su ƙarƙashin gado. Da kin hwaɗa min ba ki da wurin aje su, da tuni na yi.”

Inna ta matsa ta duba layin farko, ta duba na biyu, ta taɓa makullin da ke bakin zanenta. Ta san kwanukan aurena ɗaya bayan ɗaya, kuma ta san inda suke.

Ta ce, “Na wa na?”

Na ce, “Na mutanen gari na, Inna.”

“Wane gari?”

“Wanda munka baro.”

“Sun san kun taso?”

Maigidana ya ce ya yi sallama da mai gari da liman. Inna ta juyo ta dube shi tun daga hula har takalmi. Ban taɓa ganin mutum ya gane abu a hankali irin yadda ya gane a wurin nan ba, sai da ya dubi bangon, ya dube ni, ya sake duban bangon. Ni kuwa na riga na ga kaina na koma ɗakina, ina karɓar girki kwana bibbiyu, ga kuma sabon suna a dangi, matar da ta kwashe kwanukan ƙauye guda ta gudu da su a mota. Raina ya ɓaci da shi ƙwarai, ya kuma ɓaci da kaina, domin magana ɗaya da na yi masa da duk haka bai faru ba.

Inna ta sauka ba ta ce gida ne ko ba gida ba ne. Ta shiga ciki ta sa aka fito da babbar tukunyar da aka yi girkin suna da ita, da garin dawa, da busasshiyar kuɓewa, da ragowar soyayyen naman rago, da zana biyu daga cikin waɗanda aka yi wa 'yan suna rumfa. Matar ɗaya wan maigidana ta ce ai ga murhu nan a tsakar gida, a dafa a nan a zuba, Bungudu ba nisa, da zafinsa za a kai. Inna ta ce, “Nan gidan anka kawo su?” Aka ɗaure kaya a bayan akori-kurar da ta jawo ɗakin. Maigidana ya buɗe baki zai ce ana jiransa a Tsafe, ya rufe abinsa.

Mu uku a gaban mota, Inna a tsakiya.

A gurbinmu na da ya tsayar da ɗakin, shaidar tayoyin ma ba ta goge ba. Ya sauke tukunyar ya nufi ƙofa da ita, ta ƙi shiga. Ya karkata ta, ta ƙi. Ya ajiye ya fara duba notunan da ke riƙe da ƙyauren. Inna ta ce ya bar ƙofa ta huta, ya kawo mata duwatsu uku. Ta sa ya kafa guntayen fayif huɗu a gefen ɗakin, ya jingina zana biyun ya ɗaure, jikin ɗakin ya zama bango na uku. Kafin a ce me, ga tsakar gida, babu mai ganin wanda ke ciki. Wata uku yana walda da yanka da huda, abin nan bai taɓa zo masa ba, ni ma da nake ganin na fi shi wayo bai zo mini ba. Ya tsaya yana kallon zanar kamar yau ya fara ganin irinta.

Na zauna a kujera 'yar tsugunno na tokare tukunya na tuƙa. Inna ta shimfiɗa tabarma a inuwa ta miƙe ƙafa. Na kawo mata kwaryar gari ta auna, ta kau da kai. Da miya ta nuna na ɗebo a ludayi na miƙa mata, kamar yadda na saba shekara uku.

Ta ce, “Girkina na?”

Na ɗanɗana da kaina, na ƙara gishiri kaɗan.

Maigidana ya kwance kwanukan daga bango ɗaya bayan ɗaya, ya warware wayoyin, yana miƙo mini ta saman zana. Bayan la'asar muka fara bin gidaje, ni da Inna, ina nuna mata ƙofa tana yin gaba. Ba ta yi dogon bayani a ko'ina ba. Sai ta gaisa, ta ajiye kwano, ta nuna ramin da yatsa ta ce, “Ɗana na yay yi, ni nih haihe shi. Ku yi haƙuri.” Yawancinsu dariya suka yi. Wata ta ce su dai sun ga ɗaki ya tashi, sun ce wa juna ai mutanen birni haka suke. Wata ta juya kwanonta ta ce ramin ya yi kyau, ko yana nan kusa ya huda mata sauran ta rataye, awaki na damunta. Har na fara samun numfashi.

Gidan tsohuwar muka bari na ƙarshe. Ɗaki ɗaya ne a ƙarshen gari, ita kaɗai. Na cika akushin da tuwo, na zaɓo mata tsoka mafi kyau. Ta karɓa ta ɗaga faifan, ba ta dubi naman ba. Idonta na kan ramin. Ta sa ɗan yatsa ta shafa bakinsa, inda sabon itace ya fito fari a cikin baƙin.

Ta ce, “Na maigidana na, Allah shi jiƙan shi. Shekara talatin shina ci ciki. Ban fidda shi sai ga baƙon da nig ga girma nai.”

Inna ta ce Allah ya jiƙansa. Wannan karon ba ta ce ita ta haifi kowa ba, ta sunkuyar da kai kawai. Ni na durƙusa na ce, “Gwaggo, laihina na. Na riƙe shi ina jiran in samu kaza.”

Ta ce, “Kaza niy yi miki aike ki kawo?”

Maigidana ya biyo mu ashe, yana tsaye a bayan danga yana ji. Ya yi sallama da wata murya da ban san shi da ita ba, ya ce in ta yarda zai sassaƙo itace ya toshe ramin, ya shafe shi, ba mai ganewa.

Tsohuwar ta ce, “A'a, ɗana. Bar shi haka. Kada ka ƙara gyara shi.”

Ta yi mana godiyar tuwo, ta raka mu bakin danga, ta sa mana albarka. Ba ta yi murmushi ba, kuma ban ga laifinta ba. Na sha jin kunya a rayuwata, amma ta ranar nan daban take, har yau in na tuna sai na ji ta a fuskata.

Muka kwance zana muka ɗaure tukunya. A hanyar dawowa ina ta shirya abin da zan ce in Inna ta ce in sauka, na shirya na rushe. Ta ba ni rani guda, na nuna mata abin da na iya yi da shi.

An fara kiran magariba muka tsaya a ƙofar gida. Na fita na ba ta hanya, na tsaya riƙe da ƙullin kayana. Maigidana ya hau bayan mota zai kwance igiya.

Inna ta ce, “Mi kaka yi?”

Ya ce zai sauke kayan ne.

Ta ce, “Bar su nan. Wurin da mata goma sha huɗu sunka aika ma kwano, gida na. Gidan sakarkaru na, amma gida na.” Ta kwance makullin daga bakin zanenta ta miƙo mini. “In kun samu sarari ku zo ku kwashe kayanki. Ina son ɗakin.”

Ta shige ciki ba ta waiwayo ba.

Shekara uku ina jiran wannan maganar. Na zaci ranar da na ji ta guɗa zan yi. Sai ga shi mota na tashi na kama kuka, domin ban taɓa tunanin cewa ranar da aka ba ni gidana ita ce ranar da za a ce ba ni da ɗaki a wancan ba. Na yi ta yi har muka wuce Kwatarkwashi. Maigidana ya ɗauka kwanukan nake yi wa, ya rantse mini ba zai sake huda komai ba sai ya tambaye ni. Na ce masa ya dubi hanya.